Tsarabar Roma a Hindawiyya

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a da na yi a Hindawiyya ba, kuma wallahi na so in manta. Na gwada binne abin a cikin aiki, na gwada barci, har hanyar da nake bi in shiga tsohon gari na canza don kada in riƙa gittawa ta unguwar. Duk a banza. Wani lokaci ina tsakiyar cin abinci abin zai faɗo mini, sai in ture kwanon gefe.

Ni ɗan Funtuwa ne, injiniya, aikin kwantiragi ya kawo ni Jidda. Kamfaninmu dutsen marmara yake shimfiɗawa a manyan gidajen da masu hali ke ginawa a Abhur, can bakin teku. Sana'ar nan ta ɓata mini ido. In na shiga gidan mutum, kafin in gama amsa gaisuwarsa na riga na duba daɓensa, na san inda aka yi ha'inci da inda mai aikin ya gaji. Dutse nake gani, ba na ganin abin da aka yi da dutsen.

A lokacin na doshi arba'in ba aure. Ina zaune ni kaɗai a ɗaki da falo a Bani Malik, ina cin shinkafar Bukhari ta shago har mai shagon ya daina tambayata me zan ci. Sai Allah ya haɗa ni da Safiyya ta hannun matar Dakta Bala, wani likita Bakatsine da ya daɗe a ƙasar nan, wanda mu 'yan Najeriya na unguwar muka mayar uba. Safiyya haifaffiyar Jidda ce, kakanta ne ya zo aikin Hajji bai koma ba. Hausarta rabi Larabci ce. Ina son ta, ba wani ɓoye-ɓoye, irin son da ke sa ƙaton mutum mai furfura a gemu ya riƙa murmushi shi kaɗai a cunkoson motoci.

Danginta sun rabu biyu a kaina. Ƙanin mahaifiyarta, wanda suke kira Khalu Usman, bai yarda da ni ba tun farko. Hujjarsa ɗaya ce, kuma ba ƙarya ya yi ba: ni ɗan kwantiragi ne, ran da kafili, wato ubangidan da ya ɗauko ni aiki, ya ce halas, iƙamata ta zama a ƙasar ta mutu, sai in ɗauki yarinya in kai ta ƙasar da ba ta taɓa takawa ba. Wanda ya tsaya mini shi ne mahaifinta, Baba Idris, dattijo mai sanyin magana, wanda yanar ido ta cinye masa gani har ya koma gane mutane ta murya. Shi ya ce a kawo ni gidansu a Hindawiyya wata Juma'a dangi su gan ni, in an gamsu a sa ranar milka, wato ɗaurin aure. Ke nan aurena gaba ɗaya a kan kyakkyawan zaton tsoho ɗaya yake rataye.

Kafin ranar ta zo sai kamfani ya tura ni Italiya in duba wasu duwatsu da muka yi oda a Karara. Na gama da wuri, na ce bari in ɗan ga ƙasa. Duk da abin da ya biyo baya, ba zan hana ƙasar nan haƙƙinta ba: wanda Allah ya ba iko ya je. A Filorens na tsaya gaban babbar majami'arsu baki buɗe, gini guda an lulluɓe shi da marmara fari da kore da ja-ja, a samansa ƙatuwar ƙubba ta jan bulo. Na ga fadar tsofaffin masu mulkin birnin da doguwar hasumiyarta, da dandalin da ke gabanta cike da gumaka (waɗanda ba mai ko ɗan kamfai a cikinsu, hotunansu tun a jirgi na goge). A Roma na shiga Panteyon, ƙubbar kankare ba rodi ko ɗaya, da ƙaton huji a tsakiya rana na leƙowa, ta doshi shekara dubu biyu a tsaye. Na tuna yadda muke zuba rodi kamar ba gobe kuma bango ya tsage mana kafin mai gida ya tare, sai na ji kunyar takardun karatuna. Na zauna a dandalin Nabona ina kallon maɓuɓɓugan ruwa. Na je dandalin San Piyetiro, inda ginshiƙai layi huɗu suka kewaye fili, kuma akwai wani wuri da in ka tsaya sai layukan su ɓuya a bayan juna ka ga kamar ɗaya ne.

Majami'un da na shiga ba su ƙirguwa, kuma zan iya rantsewa ban kalli abin da ake yi a cikinsu ba. Mutane na durƙushe suna addu'arsu, ni ina tsugune a gefe ina shafa daɓe da tafin hannu, ina neman inda aka haɗa dutse da dutse. A wata ma mai gadi ya zaci wani abu na yar, ya sunkuyo zai taya ni nema.

Sai ranar dawowa na tuna ban yi wa Baba Idris tsaraba ba. Safiyya na saya mata jaka, mahaifiyarta gyale, har Khalu Usman na saya masa turare ko zai sassauto. To, me ake kai wa dattijo? Duk Bahaushe ya san amsar: carbi. Ba a kuskure da carbi, ko yana da goma zai karɓa ya sa maka albarka.

A kan titin da ya miƙe daga dandalin San Piyetiro akwai shaguna reras. A cikin gilashin ɗaya na hango shi, an naɗe shi a kan jan ƙyalle mai laushi, ƙarshensa ya shige ƙarƙashin ninkin ƙyallen. Shuɗin dutse ne mai ɗigo-ɗigon ruwan zinariya, an haɗa ƙwayoyin da siririyar sarƙar azurfa. Na san dutsen, na san na gaske ne. Na ce a raina, ashe har a nan ana sayar da kayanmu, lallai Musulunci ya yi nisa. (Shagon nan fa cike yake da gicciye da hotunan waliyyansu, har a saman kan mai shagon akwai wani babba a rataye. Na gan su sarai. Na ɗauka irin 'yan kasuwar Balad ta tsohon garin Jidda ce, masu ajiye wa kowane mai saye abin da yake so.)

Da na shiga, mai shagon, wata mata ce, ta tambaye ni da Turanci wa zan kai wa. Na ce wani tsoho ne mai yawan ibada, surukina in Allah ya yarda. Ta dafe ƙirji ta ce lallai ni ɗan kirki ne. Ana cikin haka manajana ya kira daga Jidda yana faɗa a kan wata kwantena, na juya baya ina ba shi haƙuri. Kafin in juyo ta sa carbin a ɗan akwati, ta naɗe da takarda, ta ɗaure da zare mai ƙyalli. Naɗin ya yi kyau har na ji ba zan iya ɓata shi ba. Haka na kawo shi Jidda, na ajiye a kan talabijin, kullum in kalle shi in yaba wa kaina.

Ranar Juma'ar, da aka sauko daga masallaci, Dakta Bala ya ɗauke ni a motarsa, don shi zai tsaya mini a matsayin uba. Tun a hanya ya ja mini kunne.

"Injiniya, yau ba ranar lacca ba ce. In an tambaye ka, ka amsa, ka yi shiru. Kanka a ƙasa."

"In sha Allahu, Dakta."

"Na san ka ne shi ya sa nake maimaitawa."

Falon maza, wanda suke kira majlis, cike yake da dattawa, sun jeru a kan kujerun ƙasa sun jingina da matasai, ga hayaƙin turaren wuta. Aka sha gahawa da dabino, aka ci shinkafa da nama a faranti ɗaya. Na yi kyau, ko ni na san na yi kyau. Kaina a ƙasa, amsa gajera, ko daɓen falon ban kalla ba sai sau ɗaya. Har wani tsoho ya ce da Dakta, "Ma sha Allah, yaronku akwai adabi."

Sai wani ya yi kuskuren tambayata, "An ce Italiya ka je? Ya'ni, yaya garin?"

Da na ce lafiya lau na yi shiru, da an wuce wurin. Amma kun san mutumin da ya daɗe yana cin abinci shi kaɗai, ga shi yau an ba shi falo cike da kunnuwa. Na zaro waya. Na fara da ƙubbar Filorens, na bi da fadar, na shiga Panteyon na ƙi fitowa. Har miƙewa na yi a kan gwiwoyi ina kwatanta ginshiƙai da hannu. Waya na zagawa daga tsoho zuwa tsoho, Dakta na taka mini ɗan yatsan ƙafa, ni kuwa na ɗauka matsin wuri ne, na gusa na ci gaba.

"Wannan masallaci ne?" in ji wani dattijo, yana nuna hoto.

"A'a, Baba, coci ne."

"Wannan fa mai ƙubba?"

"Shi ma coci ne."

Khalu Usman ya karɓi wayar, ya ja hotunan da yatsa, ya ja, ya ja. "Ya'ni duk safarar nan coci-coci ka yi ta bi? Ko masallaci ɗaya babu a ciki?"

Na fara kame-kame cewa a otal nake sallah. Baba Idris ne ya cece ni. Ya ɗaga hannu ya ce, "Khalas, Usman, ka bar shi. Mutum ya yi tafiya ya ga aikin mutanen da, ai ilimi ne. Ni da ina da ido, wallah da na so in ga ƙubbar nan. Wannan yaron na san zuciyarsa."

Daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina. Na ga wannan ne lokacin. Na rarrafa gabansa na miƙa masa akwatin da hannu biyu, na ce ga 'yar tsaraba. Ya karɓa, ya shafa takardar, ya ce, "Allah ya yi albarka, ya waladi," ya ajiye a gefen matashinsa.

A al'adarmu nan magana ta ƙare. Babba ba ya buɗe kyauta a gaban wanda ya kawo, sai an watse. Na san wannan tun ina yaro. Yanzu na gane don irina aka yi al'adar.

"Baba, da an buɗe an ga dutsen," na ce.

"Ma'alesh, an jima."

Dakta ya mintsine ni a cinya, mintsini na gaske. Ban ji ba.

"Irinsa babu a duk Balad, Baba. A taɓa kawai a ji."

Tsohon ya yi murmushi irin na wanda ba ya so ya kunyata baƙo. Ya warware zaren, ya buɗe akwatin, ya lalubo ƙwayoyin ya ɗaga. "Ma sha Allah, misbaha ce. Ga sanyi, ga nauyi." Ya ɗora babban yatsa ya fara ja. "Subhanallah, subhanallah."

A lokacin ne ƙarshen carbin ya zamo daga cikin akwatin ya rataya. Gicciye ne na azurfa, tsawon ɗan yatsa, da siffar mutum a jikinsa, yana lilo a saman gwiwar Baba Idris, hasken taga na dukansa.

Kowa a falon ya gani, ban da shi.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Na'urar sanyaya ɗaki kawai ake ji, sai muryar tsohon yana tasbihi a hankali, fuskarsa cike da jin daɗi. Ya ja goma ya ji tazara, ya ɗan tsaya. "Goma-goma suke raba nasu," ya ce. "Kowace ƙasa da irin nata." Ya ci gaba. Abin da ya kamata in yi shi ne in yi tsalle in karɓe, in ce an yi mini musanya a shago, in ce komai ma. Amma ban motsa daga inda nake ba. Dattawan ma kowa ya ƙura wa ɗan'uwansa ido yana jiran wani ya fara. Can a kusurwa dariya ta kufce wa wani ta hanci, ya yi sauri ya mayar da ita tari.

Baba Idris ya ji tarin nan, kuma ya san ba tari ba ne. Ya daina tasbihin. Yatsunsa suka gangara neman tuntun da ke ƙarshen kowane carbi, suka iske ƙarfe. Ya shafa shi daga sama zuwa ƙasa, ya shafa daga gefe zuwa gefe. Ya kawo shi dab da idonsa ya daɗe yana kallo.

"Usman, esh hada? Me nake riƙe da shi?"

"Salib ne, Yaya Idris," in ji Khalu Usman. "Gicciye. Carbin Kiristoci ne."

A hankali ya faɗa, ba alamar murna a muryarsa, kuma wannan ya fi mini ciwo. Duk idanu suka dawo kaina. Nan ne ya kamata in ba da haƙuri, in faɗi ƙasa, in yi kuka ma in ta kama. Kun san abin da ya fito daga bakina?

"Baba, amma dutsen na gaske ne."

Na ji Dakta Bala ya ce innalillahi a ƙasan maƙoshi.

Tsohon bai yi jifa da shi ba, bai ɗaga murya ba. Ya naɗe carbin a hankali, ya mayar cikin akwatin, ya rufe, ya turo mini. "Kayan ibadar mutane ne, ba a wulaƙanta shi. Ka kai wa masu shi." Sannan ya juya fuskarsa ga sauran falon, ga mutanen da ya yi shekaru yana sallah a sahu ɗaya da su. "Tun yaushe kuke kallona?"

Kowa ya sunkuyar da kai.

"Ku duka kuna gani," ya ce. Ya dafa bango ya miƙe, ya ƙi hannun da aka miƙa masa, ya ce a kawo wa baƙi shayi, ya shige cikin gida. Aka kawo shayin. Na sha, don ban san me ake yi a irin wannan hali ba. Har aka kira la'asar bai fito ba.

Dakta ya ja mota muka kama hanyar Bani Malik. Ni ne na kasa haƙuri na ce ai kuskure ne, kowa ya san ni Musulmi ne.

"Ba wanda ya ce ka bar addini, Injiniya. Mutumin nan yanzu ya gama cewa ya san zuciyarka. Ka sa an yi masa dariya a cikin gidansa, a kan idon da ba shi da shi. Sai da ya ce maka an jima."

Washegari da rana Safiyya ta kira. Muryarta a dushe.

"Abuya bai fita masallaci ba tun jiya. A ɗaki yake sallah."

"Zan zo in durƙusa masa, Safiyya. Yau ma in an yarda."

"La, kar ka zo. Bai ce kai mugu ba ne. Ya ce ya yafe, khalas."

"To maganar milka fa?"

"Ya ce a bari sai bayan Hajji."

"Hajjin bana?"



"Bai ce na bana ba."

Daga nan ta fashe da kuka, ta juye Larabci zalla. Ban gane rabin abin da ta faɗa ba, amma na gane ba addu'a take mini ba.

Na yi ta aika Dakta. Kullum a karɓe shi da mutunci, a ba shi gahawa, a tambayi lafiyata, a rako shi har mota. Hajji ya zo ya wuce, wani ma ya zo ya wuce. Saƙonnin Safiyya suka riƙa gajarta har suka koma gaisuwar Sallah. Wata rana matar Dakta ta kira ni, ta yi ta zagaye-zagaye a kan ƙaddara da rabo, sai na ce mata ta faɗa kawai. An yi milkar Safiyya da wani haifaffen nan, ɗan unguwarsu. Ranar ban je aiki ba. Na zauna a ƙasa a falona na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa, kuma har yau in na ga ta canza hoto a waya sai in kife wayar.

Labarin kuwa ya riga ni isa Bani Malik. Har yau in na shiga wurin mai shayi sai wani ya ce a matsa wa Paparoma ya zauna. Tun ina fushi har na koma amsawa. Carbin na kai wa wani abokin aikina ɗan Filifin. Mutumin ya riƙe shi da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa, ya ce daga Roma, daga Roma kanta? Ya ce zai aika wa mahaifiyarsa, kuma za ta riƙa yi mini addu'a in sami mata tagari. A halin da nake ciki ban hana ta ba. A duk Jidda shi kaɗai tsarabata ta faranta wa rai.

Abin da na koya ba wani mai zurfi ba ne, kuma ya zo mini a makare. In babba ya karɓi kyautarka ya ajiye gefe ya ce an jima, ka bar masa an jimarsa. Da na riƙe bakina, da a ɗakinsa zai buɗe akwatin nan, 'yarsa ta raɗa masa a kunne, su yi dariya su biyu, abin ya zama tsokanar da za a riƙa yi wa suruki duk ranar Sallah. An ce mini yanzu Baba Idris ya huce, har shi da kansa yake ba da labarin a falon yana dariya. Mijin Safiyya yake ba wa.